Sawun Tsuntsu

Ta zo da la'asar, ranar da famfon Birni ya ƙi magana,
Mutari na gaba, ita tana biye da jaririya a kafaɗa.
Irmela sunanta. Hausarta ba gishiri sosai, amma tana ciyuwa.
Ta shimfiɗa mini wata takarda bisa buzu,
tsohuwa, mai launin shayi na uku.

Zuciya ce a tsakiya, ja, cike da baƙaƙe masu ƙaya
kamar an jera kunamu sahu-sahu.
Tsuntsu biyu a sama, baki da baki,
da furannin da ƙasarmu ba ta taɓa shayarwa ba.

Ta ce: ta kakar kakata ce.
Mutanenta sun bar Jamus a jirgin ruwa,
suka sauka inda ba a iya faɗin sunansu.
In an haihu sai su kira mai alƙalami
ya rubuta yaro da harshen gida,
a naɗe, a sa a gindin akwati.
Harshen ya mutu a bakin jikoki.
Takardar ga ta.

Na ce: ai gidan magajin gari sun ba ku taku, har da hatimi.
Ta ce: waccan ta gwamnati ce, Malam.
Ta san ranar. Ba ta san yarinyar ba.

Shekara arba'in ina zayyanar allon sauka,
ban taɓa zana abu mai numfashi ba,
kuma ba da furfura zan fara ba.
Na faɗa mata. Ta yi shiru.
Mutari ya dubi takalminsa.

Kwana uku takardar na kan taska tana kallona.
Na jiƙa ƙaro, na daka gawayi,
na aiki jikana Kasuwar Dole ya sayo garura da shuni,
hannu dai ya ƙi.
Rana ta huɗu na fito alwala gari na wayewa,
kurciyoyi sun riga ni gindin randa
inda ruwa ya ɗiga da dare.
Suka tashi, suka bar rubutunsu a danshi.
Na tsaya da buta a hannu
har rana ta taɓa kan duwatsu.

Sai na rubuta: Zuwaira,
ƴar Mutari ɗan Kiyari baduku,
ƴar Irmela, jikar masu ƙetare teku,
an haife ta a Damagaram daren Laraba,
shekarar da gero ya yi arha.
Na kewaye ta da dagi irin na goshin gidajenmu.
Can sama, mazaunin tsuntsayen,
na sa sawu: yatsu uku gaba, ɗaya baya,
wani daga arewa, wani daga kudu,
suka haɗu bisa sunan.

Da ta zo karɓa ta daɗe tana dubawa.
Ta ce: ina tsuntsayen?
Na ce: sun sauka, sun sha ruwa, yanzu suka tashi.
Ta ɗora yatsa kan sawun. Shunin bai gama bushewa ba,
ta tafi da ɗigo a fata.

Mutari ya tura kuɗi ƙarƙashin buzu, ban ƙirga ba.
Hankalina na wurin wancan mai alƙalami,
can cikin sanyi, yana hura yatsunsa.
Na duba takardarsa ciki da baya, bai sa sunansa ba.
Ni ma ban sa nawa ba.