Mu Biyar a Gindin Ɗinya

Da aka ce makarantarmu ta cika hamsin,
firamaren Kafin Ɗinya ta ƙasar Ringim,
mutum arba'in muka taru a aji uku,
gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin benci.
Kowa da hula, kowa da shawara.
Wata biyu muna zaɓen ciyaman,
wata guda muna gardamar launin anko.
Ranar da na buɗe akwatin gudummawa,
naira dubu huɗu na tarar, da mataccen kyankyaso.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ce, Ilu, taron tsintsiya ke nan, ba shara.
Da asuba na hau keke.

Na fara da Kande mai ƙosai,
wadda ba ta taɓa zama a aji ba
amma bashin rabin gari yana kanta,
ko sisi bai taɓa shige mata duhu ba.
Ta ce, "Zan riƙe kuɗi, Malam, bisa sharaɗi:
ko kai ka zo ba rasit, ka koma."

Sai Barau kafinta, mai faɗan tsiya,
ba ya gaisuwa sai ya ga dama,
amma in ya ce Laraba, to Laraba ce.
Sai Talle da tsohuwar akori-kurarsa
da ta san kowane rami daga nan zuwa Gujungu.
Ta huɗu ɗalibata ce, Asabe,
shekara sha tara, waya a tafin hannu.
Ta tono tsofaffin ɗalibai har na Fatakwal,
ta sa su hawaye da hoton ajinsu,
kafin hawayen ya bushe ta tura lambar asusu.

Ni ne na biyar, mai alli da allo.

Ba mu naɗa kowa komai ba.
Kowace Asabar bayan la'asar, gindin ɗinya,
tambaya ɗaya ce ke zagayawa:
abin da ka ce za ka yi, ka yi?
Mun yi faɗa. Sau biyu Barau na kaɗe riga ya tafi.
Kande ta aika masa ƙosai da zafinsa,
ba saƙo, ba ban haƙuri.
Ya dawo da gudumarsa.

Ana gobe taro na duba allona:
rumfuna, kujeru ɗari shida, lasifika,
shinkafa buhu tara, sa guda daga Maigatari.
Na ce, "Alhamdu lillahi, an kammala."
Asabe ta sunkuyar da kai.
"Malam, mutum dubu biyu, ga bazara,
me za su sha?"

Alli ya suɓuce mini.
Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi,
na ƙirga kujeru, na manta ƙishirwa.

Ba wanda ya tambayi laifin wa.
Talle ya riga ya tada mota.
Kande ta kwance bakin zane.
Barau ya bi gida-gida aron randa,
shi da ba ya gaisuwa, har da durƙuso.
Muka kwana jigila daga burtsatsen bakin kasuwa.
Kafin zakara ya yi cara
randa saba'in da uku sun jeru a inuwar darbejiya,
kowace da moɗarta.

Taro ya yi taro.
Mutum arba'in ɗin nan suka iso cikin anko,
suka cika layin gaba.
Mai jawabi ya jero sunayensu ɗai-ɗai,
aka yi tafi har balbelu suka tashi.
Mu muna bayan aji shida,
Barau na gyangyaɗi a kan buhun gawayi.

Da magariba fili ya koma hannun awaki
suna kiwon ɓawon lemo.
Kande ta kankaro ƙanzon tukunyar ƙarshe,
muka sa hannu biyar a faranti ɗaya.
Ta ce, "Saura dubu tamanin, da ɗari biyu."
Barau, baki cike, ya ɗaga kai
ya dubi rufin aji biyu da iska ta yaye bara.
"Kwano bandir nawa ke nan?"

Asabe ta goge hannu a gefen mayafi,
ta ciro waya.