Awa Biyu da Minti Arba'in

Cima ta shigo shagona bayan la'asar,
nan gefen Kasuwar Dole inda nake ƙona faifai,
ta ajiye waya kan tebur kamar mai ajiye ƙwai.
Ta ce, Mutari, babana ne a ciki,
a majema, wata uku kafin rasuwarsa.
Awa biyu da minti arba'in.
Faifai ɗaya nake so,
ya kama a na'urar innata can Mirya,
ya kama a kwamfutar yayana Barmu a Agadas.

Na dube ta.
Kowa so yake a juye masa randa cikin buta
kuma kada ɗigo ya zuba ƙasa.

Na lissafa mata da yatsu.
Bisidi, duk tsohuwar na'ura ta san shi,
amma cikinsa bai wuce minti tamanin ba,
kuma fuskar mutum takan farfashe
ta koma ƙananan tubala.
Em-pi-huɗu ɗan zamani ne, ga kyau ga rashin nauyi,
kwamfuta za ta karɓe shi hannu bibbiyu,
ta Mirya kuwa ta juya shi, ta yi tari, ta tofo shi.
Dibiks yakan shiga
in akwai tambarinsa a goshin na'urar. Akwai?
Ta ce jikoki sun kankare goshin da ƙusa tuntuni.

Saura dibidi ke nan,
mai ɗaukar awa biyu cikin mutunci.
Minti arba'in ɗin nan kuwa, sai an matsa.

Ta ce, in an matsa me ke fita?

Ban ba ta amsa ba sai da dare,
ni kaɗai, fanka na kuka, aiki ya kai saba'in da ɗaya
kuran ya ɗauke.
Na sake daga fari.
A nan na zauna na kalli tsohon.
Hannunsa cikin ruwan bagaruwa har gwiwa,
ya jawo fatar akuya, ya shimfiɗa kan gungume,
yana karta, yana ba wani yaro labarin bashin da bai biyu ba.

Ita na'ura ga ƙa'idarta:
abin da ya motsa shi take rubutawa,
abin da ya tsaya sai ta ce, na riga na gani.
Bango, na gani. Inuwar dogon yaro, na gani.
To akwai wurin da tsohon ya ajiye wuƙa
ya yi shiru minti shida yana kallon ƙasa,
ba ya ko ƙifta ido.
Na'ura ta ɗauke shi bango.
Ta shafe masa tsagar kumatu, ta mulmule goshinsa.

Na ce a'a.
Na je na ciro rabo daga farkon hoton,
inda mai ɗauka ke tafe yana nuna ƙafafunsa da kwata,
na rage wa sama, na rage wa jan fatun da ke shanye,
na kawo na zuba a minti shidan nan.
Murya kuwa ban taɓa ta ba.

Faifai uku suka lalace kafin na huɗu.
Maƙwabcina Kyari ya kwashe su,
zai rataya a garkarsa su kori tsuntsaye.

Jikka ɗaya na karɓa.
Ran Lahadi Cima ta bugo daga Mirya:
ya kama.
Inna ta ce bangon majema ba haka launinsa yake ba,
amma tarin nasa ne.
Ta sa an maimaita mata wurin shirun sau uku.

Gobe faifan zai hau motar Agadas
cikin ambulan, tsakanin kwali biyu.
Na rubuta a kai da baƙin alƙalami:
kada a bar shi a rana.