Kaluluwa

Kwana uku da yin allurar
wani abu kamar gurjiya ya tsiro min a hammata.
Na bar tarun Maidamma rabi a ɗinke,
na hau mashin zuwa asibitin Yelwa.

Sista Hajo ta latsa da yatsa biyu,
ba ta ko ajiye bironta ba.
Ta ce, Arzika, kaluluwa ce,
rumfar aiki aka buɗe maka a ciki.

Ta ce akwai wasu ƙwayoyi a jini,
B ake kiransu, masu riƙon kama.
Ranar da murar nan ta fara shigarka
su suka auna bakinta,
suka ƙera mata ƙugiya daidai,
sannan suka kwanta shiru
shekara da shekaru, ba ka san da su ba.

To ita cutar ba ta zama wuri guda.
Daga wannan ƙirji zuwa wancan
sai ta ɗan karkace baki, ta sake ƙaya.
Allurar bana hoton sabuwar fuskarta ce.
Amma da hoton ya iso
tsofaffin ne ke riga kowa tashi,
suna cewa, ai mun san ta,
su watsa ƙugiyoyinsu na da.
Wasu su kama, inda ba ta canja ba.
Wasu su zame.
Yaran da za su koyi sabon bakin tun daga fari
da ƙyar suke samun wurin tsayawa.

Na ce, ashe asara ce?
Ta ce a'a. Wanda ya kama ya kama,
shi ke hana ta kai ka gado.
Kuma cikin tsofaffin akwai masu komawa rumfa,
su yi ta lanƙwasa, suna gwadawa,
wanda ya fi dacewa a bar shi ya hayayyafa.
Makonni ake yi. Kumburin zai sace kafin su gama.
Ta kira mai bi mini.

A hanya ban ga kasuwa ba,
babana na gani, Nomau,
zaune gindin ɗorawa da zare a babban yatsan ƙafa.
Shi kogin da ya sani
na kafin a datse ruwa ne a Kainji,
sai ya ci gaba da saƙa masa raga:
ido mai faɗi, hannu na shiga,
don giwan ruwa irin ta ƙuruciyarsa.
Mu jefa, mu jawo,
ƙananan gargaza na fita ta idon kamar ana kiransu.
In an yi magana ya ce,
ni za ku gaya wa kifi?

Duk da haka ba mu kwana da yunwa ba.
Ya san inda kurungu ke laɓewa,
wannan dam bai canja shi ba.
Kuma wata damina, ba wanda ya ce masa komai,
na tarar ya kwance rabin kalli da dare,
ya rage idon da yatsa ɗaya.
Ɗaya tak.
Wata shekarar ya ƙara ɗaya.
Har ya rasu bai ce kogi ya sake ba,
hannunsa ne kawai ya yarda.

Yanzu ga ni na dawo kan tarun Maidamma,
hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai.
Ina jin ɗan zugi a hammata
in na ja zare.
Ban sa mata man zafi ba.
Can ciki wani tsoho mai taurin kai
ya kunna aci-balbal,
yana juya tsohuwar ƙugiya,
yana duban hoton da aka kawo,
yana gunaguni.