Inda Ɗigo Ya Faɗi

Kwana tara tankin tarakta na ramewa.
Dursun ya cika shi da magariba, ya auna da sanda,
da asuba sanda ta ce an sha yatsa biyu.

A filin Konya, inda alkama ke tafiya har ido ya gaji,
ba a saurin zargin ƙarfe.
Ya daina yi wa Husnu sallama ta kan katanga.
Ya sayo kwaɗo, ya datse bakin tanki,
ya kwana biyu a rumfa da bargo da tocila
yana jiran sawun ɓarawo.
Kyanwa ce kaɗai ta zo.

Ranar Juma'a Nazife ta dawo daga makarantar sana'a.
Ko jaka ba ta ajiye ba, ta tsaya, ta ja hanci.
Ta share ƙaiƙayin da tarakta ke kwana a kai,
sai ga ƙasa baƙi ƙirin, ta ƙoshi da gas.

Ta wanke injin da ruwan zafi da sabulu,
ta bar wa rana ta busar.
Ta ɗebo garin burodin uwarta tafi guda,
ta barbaɗe filta da tiyo da famfo
har ƙarfe ya yi furfura,
ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta ce, Baba, tayar.

Injin ya yi tari, ya kama.
Dursun ya miƙa yatsa wajen bututun nozul,
ta buge hannun.
Man da ke cikin nan allura ne, in ji ta,
fata ba ta tare shi.

Ɗigo ya faɗi ƙarƙashin famfo. Wani ya bi.
Shi ke nan, famfo ne, ya ce,
kuɗin maraƙi ya tafi.
Ta girgiza kai:
inda ɗigo ya faɗi, ba nan aka haife shi ba.

Ta bi siririn sawu cikin farin gari,
sama, bayan waya, gefen noti,
sama kuma,
kamar mai bin tururuwa zuwa raminta,
har kan filta, inda gari ya fara jiƙa.
Sifana ta juya sau uku.
Zoben tagulla ya faɗo tafinta,
ya lotse, ya tsage kamar gashi.

Dursun ya san shi.
Shi ya mayar da shi bara,
ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gari,
ya ce zai kai bazara.

Ta sa sabo, ta fitar da iska daga layi,
kwali ya kwana fari.

Da safe ya cire kwaɗon.
Ya daɗe tsaye, zoben na cikin aljihunsa,
abin da kuɗinsa bai kai na ashana ba.
Sannan ya zuba shayi kofi biyu,
ya nufi katanga,
yana tafiya a hankali kada ya zube.