Abin da Igiyar Gado Ba Ta Auna Ba

Shekara goma sha ɗaya ina Kakuri,
kunnena cike da kukan injin masaƙa,
gonarmu ta Maigana tana kwance, saura,
ba garma, ba taki, sai awakin Jatau.
Na ce ai ta huta.
Na ce ai ya mutu.

Ran da aka garƙame ƙofar masaƙa
na dawo da katifa ɗaya da tari a ƙirji.
Ruwa ya sauka, na yi huɗa, na binne dawa.
Ta taso kore shar,
har Jatau ya dogara sanda a bakin iyaka
ya ce, "Tanimu, bana sai ka ƙara rumbu."

Wata biyu, dawa ta tsaya cak
kamar yaron da aka daka wa tsawa.
Ganye ya ƙone, alhali sama ba ta yi fashi ba.
Sannan ya leƙo.
Ƙuduji.
Fure ruwan hoda, siriri, mai kunya,
kamar bai taɓa shan jinin kowa ba.

Bulus malamin gona ya murje kan guda a tafina.
Ƙura ce kawai, baƙa, ta maƙale a zanen hannu.
Ya ce, "Dubbai ke nan ka riƙe.
Ruwa kaɗai ba ya tashinsu,
sai sun ji ƙanshin saiwar dawa."

Ashe duk shekarun nan kunne ya kasa.
Ina can ina jiran albashi,
yana nan yana jirana.

Baba ya tuge shi har baya ya tanƙware.
Ina ganinsa yanzu, yana jibge shi a kan kunya,
furen na bushewa, iska na karkaɗewa.
Allah ya jiƙan Baba,
bai san shuka yake yi ba.
Da muka zo rabo an ja igiya gabas da yamma,
ba wanda ya auna ƙasa da tafin ƙafa.

Jiya Lantana ta tsinko furen ta soka a kitso.
Na ɗaga murya, sai na haɗiye.
Me zan ce wa 'yar shekara shida?
Na zare shi a hankali, na jefa a murhu,
ta yi fushi har magariba.

Bulus ya ce baɗi in zuba waken suya.
Wai saiwarsa na kira da muryar dawa,
ƙuduji zai farka, ya miƙo baki,
ya tarar ba nono, ya mutu a duhu.
Ni da ban taɓa kiran baƙo ga tukunya wofi ba,
wannan zan kira shi,
har in shimfiɗa masa tabarma.

Na ce, "Damina nawa kafin ya ƙare?"
Bulus ya karkaɗe tafinsa a wando.
Ya dubi furfurata,
ya dubi Lantana tana korar awaki,
ya tayar da babur.