Fangalin Gilashi

Babana Mati ɗan lambu ne a Ajiwa.
Ƙafa a taɓo, fartanya a hannu,
yakan fasa bakin fangali ya ce wa ruwa, bi nan,
ruwa ya bi.
Albasa ta ƙoshi, ya toshe da curin laka,
ya buɗe na gaba.
Bai taɓa koya mini ba. Ido na zuba.

Yau ga ni bayan Ƙofar Ƙaura,
a shagon da dā ake ɗinkin labule,
ni ma hanyar ruwa nake ja,
sai dai tawa a kan gilashi mai faɗin farce,
silin gashi ya fi ta kauri.
Mu uku ne kamfanin, har da mai shara:
ni, da Suwaiba, da Lurwanu
da ya sayar da motarsa muka sayi batir da firji.

A wasu wuraren juya maniyyi ake a inji
kamar mai kaɗa nono tana neman mai,
lafiyayye da gajiyayye duk su sha jiri.
Mu ba ma kaɗawa.
Ɗigo ɗaya muke sawa a bakin hanya, mu ja baya.
Mai ƙarfin iyo ya ratsa siraɗin da kansa,
wanda ya gaza ya tsaya inda ya gaza.

Gilashi na arba'in da uku ya yi yoyo.
Na arba'in da huɗu, ruwa ya taru a kwana ya ƙi gaba.
Mai kuɗi daga Legas ya bugo waya:
kashi nawa cikin ɗari?
Na dubi allon lissafi, na dubi Barira a benci,
malamar firamare, shekara sha ɗaya da aure,
ta raini 'ya'yan unguwa har sun fara gemu.
Ban san yadda ake raba ta gida ɗari ba.

Mijinta Sada ya murza hula a gwiwa,
ya ce, Malama, ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?
Na ce, babana bai taɓa halittar albasa ba.
Kwari yake gyarawa.

Ran Laraba tsohon ya shigo gari sayen taki,
ya biyo, ya cire takalmi a ƙofa kamar masallaci.
Na kafa masa ido a madubin ƙara girma.
Ya daɗe.
Ya ɗago ya ce, wa ya yanka miki kwanar nan?
Ruwa ba soja ba ne, ba ya juyawa tsaye.
Lanƙwasa masa kamar wuyan tulu.
Wata bakwai muna neman wannan magana a kwamfuta.

Na arba'in da biyar ya gudana.
Likita ya karɓa, ya yi nasa a asibiti,
ƙwai ya haɗu da baƙonsa, aka mayar da shi ɗaki.

Yanzu sai jira, kwana goma sha huɗu.
Yau na tara.
Barira tana aji tana koyar da jam'i da tilo.
Lurwanu na lissafin kuɗin haya.
Ni na kife waya a kan tebur,
ina wanke gilashin da na riga na wanke.