Mai Korar Balbela

Shekara ashirin da shida
ina korar balbela daga titin jirgi,
can bayan Daura, inda kwalta ke ƙarewa cikin sabara.
Makamina gwangwanin madara da tsakuwa a ciki,
sai muryar da Allah ya ba ni.

Jirgi ɗaya ran Talata,
ɗaya ran Asabar, in ya ga dama.
Sauran mako filin namu ne,
ni da fakara da awakin Tabawa
da suka san inda waya ta ɓule.

Jan ƙyallen nan mai nuna iska,
mai kama da ƙafar wando a kan sanda,
in ya yage ni ke kai wa Lawandi tela.
Ya ce bai taɓa ɗinka wa iska kaya ba sai a kaina.

Ban taɓa hawa ba.
Wani dogon matuƙi yakan ɗaga mini yatsu biyu ta gilashi,
iyakar tafiyata ke nan.

Sai ga masu awo da wani ƙarfe mai ƙafa uku,
suka kafa shi tsakiyar geron ƙanena Barau.
Aka ƙirga itatuwa,
ɗorawa kuɗinta daban, kuka daban.
Na tambayi mai littafin, inuwar fa?
Ya duba, ya ce babu layinta.

Barau ya karɓi diyya ya sayi babur.
Shi ma mai ƙafa uku ne.

Ba zan yi wa sabon filin ƙarya ba.
Da dare fitilunsa kamar an zubar da taurari a tire.
Yayata Yalwa daga nan ta tashi zuwa Makka,
ba kwana uku a kan tabarma a garin wasu.
Ɗan Lawandi na tura kekunan kaya, yana da albashi.
Ni aka ba ni takarda mai hatimi
da agogon bango.

Sun kawo na'ura mai kukan shaho,
tana yi duk bayan minti goma, ba ta makara.
Mako guda balbela ta saurara.
A na biyu ta hau kanta ta yi kashi.

Jiya bayan la'asar ina gyaran danga,
sai ga yaro da riga mai ƙyalli, oba-oba a ƙugu.
Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta sosa ƙeya.
Wai Baba, tsakuwa nawa kake sawa a gwangwanin?

Na ce zauna tukuna, a kawo maka ruwa.
Ba a tsakuwa abin yake ba.
Tsuntsu ba ya tsoron abin da ya san lokacinsa.

Ya rubuta a wayarsa.
Gwangwanin na rataye a bayansa, jikin darbejiya,
ban nuna masa ba.
Ina so ya dawo gobe.